Awa Bakwai da Rabi

Takardar da Injiniya ya shimfiɗa a kan teburin falo ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma yadda yake lallaɓa ta sai ka rantse takardar gado ce. Tun daga can ƙasar waje ya bugo ta, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambobin.

"Inna, ki duba nan. Kilomita dubu biyar da ɗari takwas ne tsakaninmu, ban ɓoye ba. Amma jirgi awa bakwai da rabi yake yi, kai tsaye, ba ya sauka ko'ina. A ƙasar nan ma akwai garuruwan da mota take kwana a hanya kafin ta kai."

Inna ko kallon takardar ba ta yi ba. Tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa, tana ninke farin yadi a cinyarta. Shekara talatin ke nan ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, kuma ba a taɓa raba ɗakinta da farin yadi.

Auta tana rakuɓe a bakin ƙofa. Shekararta ashirin da takwas, ita ce ke gwajin jini a asibitin bakin titi, amma a gaban Inna ba ta wuce 'yar goye ba. A asibitin nan ta haɗu da Injiniya shekara biyu da suka wuce, lokacin da kamfaninsu ya turo shi kafa injin gwaji. Ɗan ƙasar nan ne, aiki ya kai shi waje, ya kwashe mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka koma tare. Wannan ne zuwansa na uku neman aure, kuma sau biyu Inna tana sallamarsa da "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Kawu, ƙanin Inna, ya gyara murya. "Yaya, yaron nan fa ya yi ƙoƙari. Ki ce wani abu mana."

"Ni ban ga aibunsa ba," in ji Inna. "Nisa na gani."

"Ai yanzu nesa ta zo kusa, Inna," Injiniya ya faɗa da murmushi.

"Haka mijin waccan ya ce."

Inna ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, da rai ko bayan rai. Shekara shida ke nan da yayar Auta ta rasu wajen haihuwa a wata ƙasa mai nisa. An bugo waya da hantsi, kafin azahar an rufe ta.

Inna ta ajiye yadin. "Da hannun nan na wanke matan da ban san iyakarsu ba. Na wanke amare, na wanke tsofaffi, na wanke wadda ta zage ni ana gobe za ta mutu. Tawa kuwa baƙi suka wanke ta. Har yau ban san ko sun warware mata kitso ba. Ita kaɗai ta rage mini," ta nuna Auta da haɓa, "kuma ita nake so ta wanke ni. Zumunci a ƙafa yake, ba a takarda ba."

"Wallahi duk ranar da aka kira, a ranar za ta iso."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Inna."

A lokacin ne ta ɗago ta dube shi, irin duban da take yi wa yadi kafin ta yanka.

"To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na riga na roƙi kawunta, in na mutu da asuba zai riƙe gawata har faɗuwar rana, ba zai wuce haka ba. Zan kira ka wata rana bayan sallar asuba. Ba zan faɗa maka ranar ba, don ita ma mutuwa ba ta sallama. In ka tako ƙofar nan kafin a kira magariba, na ba ka. In aka kira ba ka iso ba, kada ka ƙaraso, ka juya daga inda kake."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, amma Injiniya ya riga shi.

"Na yarda."

Mutumin da ya saba da injina haka yake, in lissafi ya fita a takarda gani yake magana ta ƙare.

*

Wata biyu suka wuce Inna ba ta kira ba.

Can kuwa Injiniya ya koma mutumin da ke zaune a kan ƙaya. Fasfo a aljihun gaba ko banɗaki zai shiga. Ya roƙi maigidansa a wurin aiki aka daina tura shi bayan gari. Awa uku suke gaba da nan, don haka kullum takwas da rabi na safiyarsu tana samunsa ya zuba wa waya ido. In lokacin ya wuce sai ya turo wa Auta saƙo: "Yau ma na tsira."

Auta ta bi ta rame. Duk asuba in Inna ta shafa addu'a ta miƙa hannu wajen wayarta, sai Auta ta zuba mata ido. Sai kuma ta ga Inna agogo kawai ta duba.

Mai Kemis, wanda shi ma yake neman auren Auta, shi ke cin ribar zaman. Shagonsa yana kan kwana, minti huɗu ne a ƙafa, Inna da kanta ta taɓa ƙirgawa. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ba Auta haushi ke nan, don da mugu ne da ta samu abin faɗa. Duk Asabar zai kawo wa Inna maganin hawan jini, ya gwada ta, ya zauna ya sha shayi kamar ɗan gida.

"Ni ba na gaggawa," ya ce wa Auta wata rana a bakin ƙofa. "Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," ta ƙarasa masa, ta shige ciki.

Ran nan da rana tana wurin aiki Injiniya ya kira, ta ji muryarsa ba daidai ba.

"An kwantar da Mama a asibiti. Numfashi ne, amma likita ya ce da sauƙi, kwana biyu za a sallame ta."

"Subhanallahi! Bari in faɗa wa Inna ta ɗaga maganar nan sai Mama ta warke."

"Kada ki soma."

"Saboda me?"

"Cewa za ta yi uzuri nake nema. Cewa za ta yi, ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba. Ki rufa mini asiri, Auta. Wata biyu ba ta kira ba, sai a kwana biyun nan za ta kira?"

"In fa ta kira?"

"Ba za ta kira ba. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa. So ya rufe mata baki, kuma har ta mutu ba za ta manta da wannan alkawarin ba.

*

Kwana uku bayan nan, Inna ta sallame sallar asuba, ta shafa, ta ɗauki waya. Wannan karon ba agogo ta duba ba.

"Salamu alaikum. Ni ce. Na kira."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta kashe. Auta tana kan dardumarta kusa da ita, maganar ta zo har bakin leɓenta, ta haɗiye.

Ba a yi minti goma ba Injiniya ya kira Auta, tana jin ƙarar takalminsa a barandar asibiti.

"Ina wurin Mama aka kira. Ta ji komai. Ta ce in tafi, ta ce in ban kawo mata suruka ba kada in dawo mata gida. Har dariya ta yi, Auta. Ga ƙanwata nan a wurinta."

"Ka tabbata da sauƙi?"

"Ta sha shayi da kanta. Akwai jirgin sha biyu da rabi, na samu kujera. Biyar na yamma agogonku zan sauka. Magariba ƙarfe nawa?"

"Shida da rabi."

"Ya isa. Ki yi mini addu'a."

Ba ta je aiki ba ranar. Ta buɗe taswirar da ke nuna jirage a wayarta, ta zauna a bakin gado. Tara da rabi agogon nan ɗan ƙaramin jirgin ya bar ɗigon garinsu, ya fara jan jiki a kan shuɗin teku. A ƙasa an rubuta sauran lokaci, awa bakwai da minti ashirin da takwas. Inna tana tsakar gida tana wanke-wanke kamar ba ita ta tayar da mutum daga wata duniya ba.

Sha ɗaya da 'yan mintoci wayar ta yi ƙara a hannunta. Ƙanwarsa ce.

Tun kafin ta yi magana Auta ta ji kukan.

"Anti... Mama ta rasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ke, me kike faɗa?"

"Yanzun nan. Tana cikin magana numfashin ya sarƙe. Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Anti, ba ni da kowa a nan sai mijina, ya zan yi?"

"Yana sama. Ku jira shi, don Allah ku jira shi."

Mijin ƙanwar ya karɓi wayar, muryarsa a dakushe. "Ki yi haƙuri. Na duba, jirgin da zai dawo da shi sai gobe da rana zai iso nan. Liman ya ce bayan la'asar za a kai ta, kuma ita ma ta sha faɗa kada a kwanar da ita. Ba yadda za mu yi."

Auta ta dubi fuskar wayar bayan ya kashe. Jirgin yana nan yana jan jikinsa a kan ruwa, saura awa biyar da minti arba'in. Yana ciki a zaune, wataƙila yana duba agogo, wataƙila yana murmushi shi kaɗai.

Ba ta san lokacin da ta fito tsakar gida ta zube a gaban Inna ba.

"Ke lafiya? Jirgin ne?"

"Mamarsa, Inna. Mamarsa ta rasu."

Kwanon da ke hannun Inna ya koma cikin ruwa a hankali. Ta yi salati, ta sake yi. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Haka kawai? Ba ciwo?"

"Tana asibiti."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana uku."

"Kin sani?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siminti.

"Magana nake miki. Kin sani?"

"Na sani."

"Kina zaune kusa da ni, gwiwarki na taɓa tawa, kika bar ni na kira shi daga gaban gadon uwarsa?"

"Shi ya ce kada in faɗa. Ya ce za ki ce uzuri yake nema."

"Ni? Ni zan ce ciwon uwa uzuri ne?"

"To me kika bar mana da za mu zata, Inna?" Auta ta ɗago. Ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai yau. "Shekara biyu yana zuwa yana durƙusa miki. Kin ce mutuwa ba ta sallama. Kin ce in ya makara ya juya. Tsoronki ya ji, ni ma tsoronki na ji. Shekara shida muna zaman makokin Yaya a gidan nan, ban taɓa cewa na gaji ba. Yau ga shi mun ja wa wani abin da aka yi miki."

Inna ba ta mare ta ba. Ta zauna a bakin rijiya tana kallon hannuwanta masu kumfar sabulu. Auta ta so a ce ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Can Inna ta ce, "Wa zai wanke ta?"

"Ban sani ba."

"Kira mini yarinyar."

Auta ta kira. Ƙanwar ta ce an kai Mama ɗakin wanka na masallaci, akwai mata biyu da za su yi, ba ta san su ba, ko harshensu ba ta ji sosai. Ita kuma ba ta taɓa ganin gawa ba sai yau.

Inna ta karɓi wayar ta goge hannu a zaninta.

"'Yata, share hawayenki ki saurare ni. Ke za ki wanke uwarki, su su zuba miki ruwa. Kada ki ji tsoro, ita ce dai wadda ta yi miki wanka. Sa wayar inda za ki ji ni. Ki taɓa ruwan da gwiwar hannunki, kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Kin rufe ta da zane?"

"Na rufe."

"Yauwa. Warware mata kitson a hankali, kada ki ja. Yanzu ki yi mata alwala kamar yadda kike yi wa kanki. Sai ki fara da dama."

Kusan awa guda Inna tana zaune a bakin rijiya da waya a kunne, idonta a rufe, hannunta na dama yana motsi a iska yana bin jikin da ba ta gani. In yarinyar ta fashe da kuka sai ta jira ta, ta ce, "Yi abinki, ba gaggawa." Ta faɗa mata inda za ta sa kafur, da yadda za ta raba gashin gida uku, da yadda ake ɗaure likkafani. Da aka gama ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin sauke nauyi." Ta miƙa wa Auta wayar, ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

A lokacin ne Auta ta ji abin da ba ta ji ba ko ranar rasuwar yayarta. Inna tana kuka da murya.

Ɗaya da rabi saƙo ya shigo daga mijin ƙanwar: an rufe ta. Jirgin ya bar teku ya hau kan ƙasa, saura awa uku da rabi.

*

Da la'asar Kawu ya zo, aka faɗa masa, ya zauna a falo ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Mai Kemis ma ya leƙo da ledar magani, don labarin gwajin ya riga ya zaga layin. Ya dubi rana, ya dubi agogonsa.

"Yau hanyar filin jirgi a cushe take. Wata babbar mota ta faɗi a kan gada."

Da ya ga idon Auta sai ya ajiye ledar a kan taga ya fita sumsum.

Biyar da minti goma taswirar ta nuna jirgin ya sauka. Auta ta kira layinsa, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

"Wa zai faɗa masa?" Kawu ya tambaya.

"Ke kika saba, Yaya," ya ƙara. "Gida nawa kika shiga da irin wannan labari?"

"Waɗancan ba ni na jawo ba," in ji Inna.

Shida ta yi. Shida da kwata. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida ta fara hawa bangon ɗaki. Auta ta rasa abin da za ta roƙa. In ya makara ta rasa shi, in ya iso kuma da wane ido za ta dube shi? Ta tsaya a bakin ƙofar falo ta riƙe labule.

Shida da minti ashirin da biyar aka buga ƙofar gida da ƙarfi, aka turo.

"Salamu alaikum!"

Injiniya ne, ba jaka a hannunsa, ba hula a kansa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya dafa bango yana haki, ya ɗaga hannu yana nuna agogo.

"Ba a kira ba! Kawu, kai ne shaida, ba a kira ba! Motar ta maƙale a gada, na sauka na hau babur, shi ma ya maƙale, na ƙaraso da gudu." Ya yi dariya, numfashinsa na yankewa. "Awa goma sha biyu da minti hamsin da biyar, daga kiranki zuwa ƙofarki. Inna, na iso."

Lasifikar masallacin layin ta yi ƙara, ladan ya busa ta sau biyu, ya ɗaga murya.

Injiniya ya durƙusa a gaban Inna, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Inna ta dube shi. Da ƙyar ta ce, "Ka iso, ɗana."

"Kin ba ni?"

"Na ba ka."

Ya kifa goshi a ƙasa ya yi sujada a nan kan simintin. Da ya ɗago ya ga hawaye a fuskar Auta, ya ga Kawu ya kau da kai, sai ya ƙara faɗaɗa murmushinsa.

"Haba, kukan me kuma? Ai an gama." Ya zaro wayarsa ya jijjiga ta. "Wannan tun a sama ta mutu, na manta abin caji a asibiti. Auta, ba ni taki. Na yi wa Mama alkawari ita zan fara yi wa albishir."

Ya miƙo hannu.

Auta ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Wayar tana cikin tafin hannunta, ta damƙe ta gam.

"Ba ni mana," ya ce yana dariya. "Na san tana can ta ƙi barci tana jirana."